A maƙala ril ɗin zaren nutso a jiki ko a riƙe shi a hannu?

Sadiƙ: Salamu alaikum 'yan nutso. Jiya a kududdufin kuza na wajen Rayfield, ina cikin sakin balan-balan ɗin alama (wanda ake aikawa sama a san inda mai nutso yake), kwarkwaron zarena, wato ƙaramin ril marar mariƙi, ya suɓuce ya yi ƙasa, mita 30 suka warware tas. Daga yau a ƙugiyar rigata zan maƙala shi kafin in hura iska. Mai ja ya kawo hujja.

Malam Garba: Wa alaikumus salam. Ni ne mai ja. Iskar da ka hura a mita 10, kafin ta kai sama ta ninka. In zare ya sarƙe alhali ril ɗin na jikinka, kai da balan-balan za ku tashi tare. Tsayawar kariya ta minti 3 da ake yi a mita 5 kafin fitowa ta tafi ke nan, ga haɗarin huhu, ga kumfar iska a jini.

Sadiƙ: Ai ina da wuƙa, Malam.

Malam Garba: Kafin ka lalubo ta ka ga rana. Wanda ke riƙe a hannu buɗe yatsu kawai zai yi.

Zainab: Kuma Yaya Sadiƙ, nan Jos ce, kusan mita 1,200 sama da teku. Matsin iskar waje ya fi na Legas rauni, saboda haka tashin gaggawa ya fi cutarwa a nan. Ka dai duba kwamfutar nutso ta hannunka ta san a kan tudu kake.

Ɗanladi: Ku yi wa yaron adalci. Maƙalawa lokacin iyo ai dole ce, wajen saki ne kawai ba a yi. Ni kwarkwaron nake zargi. Gara ya sayi ril mai mariƙi da makulli. Da hunturu, yatsu sun ƙage cikin safar hannu, wa zai tsaya naɗe zare kamar masaƙi?

Zainab: Baba Ɗanladi, mai mariƙin ne ya fi sarƙewa, zare ya faɗa bayan faifai shi ke nan. Kwarkwaro ba abin da zai lalace a jikinsa, ga shi yana shiga aljihu. Mai mariƙi na shimfiɗa doguwar hanya ne, kamar a kogo.

Ɗanladi: Ruwan kududdufan nan da ba ka ganin tafin hannunka in an tada laka, me ya raba shi da kogo? Ni biyu nake ɗauka.

Malam Garba: Wannan ban musa ba. Sadiƙ, ƙarshen zaren a ɗaure yake da kwarkwaron?

Sadiƙ: A ɗaure. Da shi na jawo abina, sai dai na fito kamar kifi a koma.

Malam Garba: To ba ka yi asarar komai ba sai kwarjini. Asabar ka zo da wuri, mu tsaya a mita 5 ka saki sau goma ina kallo.

Sadiƙ: Zan zo. Amma Baba Ɗanladi ya taho da mai mariƙin in gwada.