Waɗanda suka taɓa kafa kwamitin tsaro ko aikin gayya a unguwarsu, ku ba mu labari

Baban Ummi:
Slm 'yan uwa. Mu dai a layinmu nan Kano ƙwacen waya ya kai mu bango, bayan isha'i ba ka isa ka aiki yaro ko sayo maganin sauro ba, ga kwata ta toshe ga bola ta cinye rabin hanya. Mun yi magana a masallaci bayan asuba an ce a kafa kwamiti kuma wai ni ne sakatare. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mana ta ina suka fara, me ya yi aiki me bai yi ba.

Ɗan Kurna:
Wslm Baban Ummi, Allah ya taya riƙo. Mu da sintiri muka fara kamar kowa, aka sayo tocila da usur da gora, kowane gida ɗari biyar a wata, matasa suna zagaye daga sha biyun dare har kiran assalatu. An ɗan samu sauƙi amma gaskiya ba shi ne ya gyara mana layi ba, don yaran sun gane lokacin zagayen, kuna wucewa ta nan su ɓullo ta can.

Abin da ya canza lamarin wani kango ne a ƙarshen lungunmu, ginin ya kai linta mai shi ya bar shi shekara da shekaru. Ranar da muka shiga da rana wlh sai da jikina ya yi sanyi, kwalaben sirop fal ƙasa, gwangwanayen sholisho, guntayen tabarmi, kwalayen layukan waya da aka cire aka zubar, har da wani rami da suka tona a gindin bango suna ɓoye wuƙaƙe. Mai unguwa ne ya nemo mana mai wurin, ya ce ba shi da halin ci gaba da gini, muka ce to ka ba mu izini kawai, aka haɗa kuɗin bulo aka toshe ƙofa da tagogi aka sare ciyawar. Daga nan aka sa fitilun sola a bakin lungu da wajen rijiyar burtsatse. Ka ga ɓarawon waya ba abin da ya tsana irin haske da idon mutane, da fitila ta zo sai mai shayi ya dawo da teburinsa wurin, mai tsire ma ya zo, yanzu har ƙarfe ɗaya akwai jama'a.

Kwata kuma ku yi amfani da Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli, tunda dama daga bakwai zuwa goma na safe an hana zirga-zirga kowa yana gida ba mai cewa zai tafi kasuwa. Ku ari baro da shebur da manjagara, a tara sharar a bakin babban titi inda motar REMASAB, hukumar kwashe shara ta Kano, za ta iya ɗauka, kar ku bar ta a gefen kwatar don ruwan farko zai mayar muku da ita.

Maman 'Yan Biyu:
Ni dai abin da zan ce kar ku yi kwamiti maza zalla. Mu da muke cikin gida mu muka san gidan da ake sallama ana karɓar abu a leda, mun san yaron da ya shigo da sabuwar waya alhali ko sana'a ba shi da ita. A wajenmu mai sayar da ƙwayar ma mace ce, a cikin ɗaki, maza suna can suna ta sintiri a titi ba su da labari. Tun da gwamnati ta hana sirop mai kodin a 2018 sai harkar ta koma ƙwayoyi, su kuma a aljihu ɗaya ma sai a zuba. A islamiyyar matan aure muka tattauna, malamarmu ta kai wa mai unguwa, shi ya kai wa NDLEA.

Amma don girman Allah ku riƙe sirri. Wata baiwar Allah da ta ba da labari wani ɗan kwamiti ya je majalisa ya faɗi sunanta, sai da ta koma gidan iyayenta na wani lokaci saboda jifa da ake yi musu da dare. Tun daga nan mutum biyu kacal ke karɓar rahoto.

Malamin Firamare:
Daga Gombe nake. Mu namu 'yan Kalare ne, wato 'yan daba, maƙwabtanmu Bauchi kuma Sara-suka, duk kanwar ja ce. Mun ja yaran a jiki, muka share wani fili da ya zama juji aka kafa raga ana buga ƙwallo da yamma, wasu muka kai su wajen masu walda da gyaran babur. Lafiya lau har kakar zaɓe ta zo, cikin ɗan lokaci aka kwashe mana su da kuɗin yawon kamfen, wanda ya fara iya kunce inji sai ga shi a bayan mota yana ɗaga gora. Shawarata kar ku naɗa ɗan siyasa uban ƙungiya, in ya ba da fitila ku karɓa ku yi godiya, amma kar a manna fastarsa a ofishinku.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Nan muna da 'yan pale, wato gungun 'yan daba, wanda ya san kartiyen (unguwar) Kara-Kara ya san zancen, samari masu ɗaga ƙarfe da suka haɗa da siminti da kansu, da yawa sayar da esansi (man fetur) na bakin hanya suke. Mu a namu kartiye fada ce ta yi mana aiki, dama samari suna zaune suna dafa shayi har tsakar dare, sai dattawa suka ce to tunda ba barci kuke ba ku sa mana ido a kan layi, mu kuma sukari da ganyen shayi da gawayi a kanmu. Baƙon fuska in ya wuce sau biyu za a tambaye shi gidan wa yake nema. In an kama mutum komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ake kai shi.

Abu Sadik:
Wannan maganar ta ƙarshe ita nake so a ja layi a ƙarƙashinta. Na ga yadda ihun ɓarawo ke ƙarewa, na ga yaron da aka fasa wa kai a kan wayar da daga baya aka gano a cikin adaidaita aka mance ta. Ranar da 'yan sintirinku suka kashe ɗan wani, ku shugabannin kwamiti ku za a fara nema, kai sakatare sunanka ne a takarda. Tun farko ku je wajen DPO da mai unguwa a gaba, ku kai sunaye da hotunan masu sintirin, ku nemi shiga zaman PCRC, kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, na ofishin yankinku, in akwai 'yan bijilanti na VGN, ƙungiyar 'yan sintiri ta Najeriya, kusa ku haɗa kai da su. Ko Kato da Gora na Maiduguri da suka tashi a 2013 tare da sojoji suka yi aiki. Kuma kowa ya ga yadda harkar 'yan sa-kai ta rikiɗe ta zama ramuwar gayya a dazukan Zamfara, ai shi ya sa Katsina ta kafa nata dakarun tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta yi Askarawa a 2024, don abin ya dawo ƙarƙashin doka.

Ɗan Kurna:
Abu Sadik gaskiyarka, amma ka faɗi ɗaya ɓangaren ma. Ku kama yaro da wuƙa da dare ku miƙa shi, kafin azahar ya dawo yana wuce ku yana taɓa wuyansa da yatsa, kuma wa ya je belin? Mutumin da kuke sahu ɗaya da shi a masallaci. Wannan shi ke kashe wa matasa gwiwa har su fara cewa gara su yi hukunci da kansu. Mu sai da aka kama ɗan wani babba a kwamitinmu, ranar aka yi ta ta ƙare, wasu na cewa a rufa asiri wasu na cewa in an saki wannan to kowa ma a sake shi. Uban ne ya raba gardama, Allah ya saka masa, da kansa ya riƙo hannun yaron ya kai shi. Bayan nan aka rubuta yarjejeniya a gaban liman da mai unguwa cewa ba ɗan kwamitin da zai je belin wanda aka kama da makami, ko ɗan cikinsa ne. Ba kowa ke cikawa ba amma yanzu mai zuwa a ɓoye yake zuwa.

Ɗan Zongo:
Mu a Nima nan Ankara ta Ghana babban gota ne matsalarmu. Bayan kwalara na 2014 gwamnati ta sa Asabar na farkon wata ranar shara, samarin base-base, wato majalisun samari, suna fita sosai. Abin da ya taimake mu shi ne mun yi ciniki da mai aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukan kaya, yana zuwa ƙofa-ƙofa ɗaukan bola, in ba haka ba mutane da dare za su juye cikin gota, ku share yau gobe ya cika.

Baban Ummi:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci, duk na kwafe zan karanta musu ranar Juma'a. Mu ma muna da kango har biyu. Ɗan Kurna fitilun nan ba a sace muku su?

Ɗan Kurna:
An sace ta farko kam, har da batirin. Ku sayi mai haɗe da faranti da batiri a jiki ɗaya, a sa ta can sama, mai walda ya yi mata keji ya like notunan, kuma ku kafa ta jikin gidan da ake kwana a zaure. Sannan a samu yaro mai tsani yana goge farantin lokacin hunturu, ƙura na rufe shi ƙarfe biyun dare ta mutu.

Maman 'Yan Biyu:
Kuma ma'aji ya riƙa karanto lissafin kuɗi a bainar jama'a duk wata, ko naira hamsin ce aka sayi batirin tocila a faɗa. Namu na farko a kan kuɗi ya watse.