Don Allah wace irin ayaba ce wannan?

Assalamu alaikum 'yan uwa manoma. Bara na dasa ɗan ayaba a bayan gidanmu a Zariya, kusa da rijiya, wanda wata maƙwabciya ta ba ni. Yanzu ta haura mita 3, ta yi 'ya'ya bayan wata 11.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne 'ya'yan: gajeru ne masu kauri da kusurwa, ɓawon da tauri. Ko sun nuna ba su da zaƙi sosai, sai an soya ko an dafa. Na ɗauka agade ce, amma agaden kasuwa ta fi su tsawo nesa ba kusa ba. Ba kuma gajeriyar ayabar nan mai zaƙi da ake kira Cavendish ba ce.

Ina so in ƙara dasawa a gona kafin damina, shi ya sa na damu. Furen zan duba ko ganyen?