Ƙanena ya ce ba caca ba ce, wai shiri ne kai tsaye

Assalamu alaikum. Admin, don Allah a ɓoye sunana.

Ni ce babba a ɗakinmu, muna zaune a Ɗorayi. Ƙanena shekararsa 24, yaron shago ne a Kantin Kwari, kuma tun rasuwar Baba shi ne namijin gidan. Daren Talata an ɗauke wuta, na fito tsakar gida shan iska, sai na hango hasken waya a fuskarsa. Yana zaune a bakin rijiya da littafin rubutu a cinya. Na leƙa. Wata Baturiya ce ta ci ado a wani ɗaki mai fitilu kala-kala, tana juya wani ƙaton faifai a tsaye, ana kiɗa, tana ta surutu da dariya. Duk lambar da faifan ya tsaya a kai sai ya rubuta: 1, 2, 1, 1, 5, 10. Ya cika shafi ya fi goma.

Na ce masa wannan ai caca ce. Ya ce, "Haba Yaya, shiri ne kai tsaye. Ga mutum nan kina gani da idonki, ta ina za a cuce ka?" Wai ya gano tafiyar faifan, jari kawai ya rage masa. So yake idan na ɗauki adashina ƙarshen wata in ranta masa ₦150,000.

Kuɗin dai ba zan bayar ba. Amma yaron nan ya fi ni baki, kullum sai ya kayar da ni da magana saboda ban san yadda abin yake ba. Wanda ya sani ya yi mini bayani. Sannan in gaya wa Hajiya ko in rufe? Tana da hawan jini.

Wani malamin lissafi, Gwale:
Wa alaikumus salam, 'yar uwa. A abu ɗaya ƙaninki ya yi gaskiya: matar mutum ce, faifan ma na gaske ne. Ma'aikaciya ce a situdiyo, ana ɗaukarta da kyamara ana watsa wa dubban mutane lokaci guda. Babban kamfanin da ke shirya irin waɗannan wasanni shi ne Evolution, na ƙasar Suwidin, yana da situdiyo a Riga ta Latbiya da Malta da Jojiya. Shafukan caca haya suke ɗauka daga wajensa. Ya fara fito da wasan faifai a 2017, wanda ya fi tashe kuma, Crazy Time, ya fito a 2020.

Bari in ɗauki wannan a matsayin misali. Faifan gida 54 gare shi. Lamba 1 tana da gida 21, lamba 2 gida 13, lamba 5 gida 7, lamba 10 gida 4. Sauran gida 9 na wasannin garaɓasa ne, kuma babbar garaɓasar da kowa ke kwana jira gida ɗaya tal take da shi. Ana ba da 'yan daƙiƙoƙi kowa ya zuba kuɗi a gidan da yake so, a rufe, ta juya. A saman faifan akwai wani allo da kwamfuta ke zaɓar ninki a kansa, wani lokacin ya dace da inda aka tsaya, yawanci bai dace ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Idan ya sa ₦1,000 a lamba 1 ya ci, ribar ₦1,000 za a ba shi, alhali gidajen da zai faɗi 33 ne, na ci 21. Ninkin nan da ke faɗowa jefi-jefi shi ke ɗan cike giɓin, amma ba ya cike shi duka, kuma da gangan aka auna shi haka. Su da kansu sun rubuta a cikin bayanin wasan cewa abin da ke komawa hannun masu wasa tsakanin kashi 94 ne zuwa 96 cikin 100. Wato a kowace ₦100 da aka zuba, ₦4 zuwa ₦6 ta zama tasu. Kar ki raina ta. Zagaye ɗaya kusan minti guda ne, kuma abin da ya ci shi zai sake zubawa, a sake yankar kaso a kai, har ya ƙare. Ba sa buƙatar yin maguɗi.

Littafin nan nasa shi ya fi ba ni tausayi. Faifai ba shi da ƙwaƙwalwa, bai san inda ya tsaya ɗazu ba. Ko an yi juyi 100 babbar garaɓasa ba ta fito ba, juyi na 101 damarta ɗaya ce cikin 54, kamar kullum. Yin juyi 100 ba ta fito ba ma ba abin mamaki ba ne, a lissafi yana faruwa kusan sau 15 cikin 100.

Wani ɗan uwa, Kurna:
Anti, ni na yi, shekara guda da rabi. Abin da Malam bai faɗa ba shi ne daɗin da ke ciki. Faifan yana rage gudu, ɗan harshen robar yana ƙas, ƙas, ƙas, ya zo daf da gidanka ya wuce da gida ɗaya. Wallahi ji za ka yi kamar ka ci, sai ka sake zubawa. A gefe kuma ga sunayen waɗanda suka ci suna wucewa, ba a nuna na waɗanda suka faɗi. Mai gabatarwar tana karanta saƙonni tana gaishe da mutane, sai ka ji kamar majalisa kake. Ranar da na ci ₦80,000 ita ce ta kashe ni, don ita na riƙa bi har na sayar da babur ɗina. Ki bincika a hankali ko ya fara taɓa kuɗin shago. Ni daga nan na fara, da niyyar in mayar kafin maigida ya yi lissafi.

Wani malami, Fagge:
Duk abin da za ka sa kuɗi, sa'a ta yanke ko ka ninka ko ka rasa, caca ne, ko a bakin kasuwa ko a waya. A duba Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91. Ki tambaye shi cikin lumana, sallar Asuba nawa ta wuce shi a watan nan.

Wani memba, Hotoro:
Ki kai shi Hisbah kawai. Ai a 2024 sun rufe shagunan caca a garin nan, kuma Kotun Ƙoli ta ce dokar caca hurumin jihohi ce.

Wata uwa, Sharaɗa:
A'a ɗana, ban goyi bayan wannan ba. Shago ake sa wa kwaɗo, wannan kuwa a aljihunsa yake. In aka tona masa asiri a unguwa, maigidansa ya ji, ya rasa aikin, sai bashi ya ƙaru a kan bashi. 'Yata, kar ki fara da Hajiya. Ki nemi kawunku ko wani babba da yake jin nauyinsa, ku zauna ku uku. In akwai bashi, a biya mai bashin hannu da hannu, kar kuɗi ya bi ta wayarsa. Albashinsa ya riƙa shiga wajenki na ɗan lokaci, da yardarsa. A shafin ma akwai wurin da mutum ke rufe asusunsa da kansa, ku sa ya yi a gabanku. In kuma kin ga ba ya barci, yana yawan fushi, ya kasa bari duk da yana so, ku je ɓangaren masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano. Ciwo ne da likitoci suka sani, ba abin kunya ba ne.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan Isha na karanta masa bayanin Malam. Ya yi gardama a kan littafin, sai na ce to mu bar littafi, buɗe mini tarihin kuɗin da ka tura da wanda ka cire tun watan azumi. Ya daɗe yana kallon wayar bai buɗe ba. Daga baya ya ce akwai ₦62,000 na shago da bai mayar ba, kuma ranar Asabar maigidansa zai yi lissafi. Na kira Kawu, zai zo gobe da yamma. Mama ta Sharaɗa, in mun haɗa kuɗin, mu kai wa maigidan mu gaya masa gaskiya, ko a mayar cikin ciniki shiru?