Landan zuwa Faris a keke don tara gudummawa: waɗanda suka taɓa yi, ku ba mu labari

Bakatsiniya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sa sunana cikin ayarin da zai tuƙa keke daga Landan zuwa Faris a watan Yuli mai zuwa, kwana huɗu, kusan kilomita 480. Abin da zan tara na masu ciwon sikila ne. Ciwon ne ya yi ajalin ƙanena yana da shekara 19, kuma tun lokacin nake neman abin da zan yi masa da ƙarfin jikina. Ban taɓa wuce kilomita 40 a yini ɗaya ba. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mini daɗin da wuyar, kada a ɓoye mini komai.

Baban 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Na yi sau biyu. Ranar farko ita ce mai cin rai: daga Landan zuwa Dover, inda ake hawa jirgin ruwa a tsallaka Faransa, kusan kilomita 140 ne, kuma yankin Kent ba shimfiɗe yake ba, kina gama wannan tudu wani na jiran ki. Ga jirgin ruwa ba ya jiran kowa. A tafiyata ta farko wannan ne ya so ya raba kanmu. Samari masu ƙarfi suka yi gaba abinsu, mu na baya muka rasa wanda zai tare mana iska. A keke, wanda ke gaba shi ke shan iska, na bayansa yana samun sauƙi sosai, shi ya sa ake karɓa-karɓa. Da muka isa tashar jirgin, saura kaɗan a rufe, wani dattijo a cikinmu ko magana ba ya iya yi. A cikin jirgin, tsallakawar minti 90 zuwa Calais, aka yi ta ta ƙare. An ɗaga murya, ba zan ɓoye miki ba. Amma a nan aka yanke cewa kullum mutum biyu daga cikin masu ƙarfi za su tsaya a wutsiyar ayari, kuma ba a barin wurin hutu sai na ƙarshe ya iso ya sha ruwa. Ki tambayi masu shirya taku tun yanzu ko suna da wannan ƙa'ida. In ba su da ita, ki nemi a sa.

Ɗan Fagge: Ni abin da ya fi ba ni wuya ba a kan hanya yake ba. Roƙon kuɗin ne. Akwai mafi ƙarancin abin da kowa zai tara kafin ranar tashi, kuma na yi wata biyu ina jin nauyin tura wa mutane saƙo. Wani abokin aikina ya ce mini a fuska, wai yawon buɗe ido zan tafi da kuɗin jama'a. Maganar ta yi mini zafi, sai dai da na zauna na ga tambayarsa tana kan hanya, domin a wasu tsare-tsaren ana cire kuɗin masauki da jirgi daga abin da aka tara. Sai na biya nawa daga aljihuna, na rubuta hakan a fili, daga nan hannun mutane ya saki. Hajiya, ki tuna wa masu biyan haraji a Birtaniya su amince da Gift Aid. A kan kowane fam 100, ƙungiyar da kike tara wa za ta karɓi ƙarin fam 25 daga hukumar haraji, ba tare da mai bayarwa ya ƙara ko sisi ba. Sannan in fasfo ɗin Najeriya ne da ke, ki nemi bizar Schengen, wato wadda ake shiga Faransa da ita, da wuri. A Dover jami'an Faransa ke duba takardu, kafin a hau jirgi. Mun bar wani ɗan'uwa a gida saboda tasa ba ta fito ba, bayan ya yi wata biyar yana atisaye.

Maman Hanifa: 'Yar uwa, bari in yi miki maganar mata. Ki sayi wandon keke mai soso a ciki, ki ɗora dogon wando mara faɗin ƙafa a kai, don kada sarƙa ta kama shi. Ɗankwali mara kauri yana shiga ƙarƙashin hular kwano lafiya lau. Kuma kada ki canza sirdi ana gobe tafiya, ni na yi hakan na sha wuya.

Safiyar kwana na uku, a Abbeville, na zauna a bakin gado na kasa sa takalmi. Cinyoyina sun yi tsami, inda sirdi ke gugata ya saluɓe, tafin hannuna ya mutu. Na hau duk da haka. Bayan kamar kilomita 30, a wani tudu tsakanin gonakin alkama, gwiwata ta hagu ta ƙi. Na sauka na zauna a ciyawa ina kuka, domin ina ganin na ci amanar waɗanda suka ba ni kuɗinsu. Wata Baturiya, ma'aikaciyar jinya da ta haura shekara 60, tana tara wa gidan kula da marasa lafiya inda mijinta ya rasu, ta ajiye kekenta ta zauna kusa da ni. Ba ta ce in daure ba. Ta ɓare ayaba ta miƙo mini, ta jira har motar rakiya ta zo. Na yi awa biyu a motar, aka ɗaure mini gwiwar, na ƙarasa yammacin a keke har Beauvais. Da na dawo gida na rubuta wa duk wanda ya ba ni gudummawa cewa kilomita kaza a mota na yi su. Babu wanda ya ce a mayar masa da kuɗinsa, wasu ma ƙarawa suka yi.

Salla kuwa ƙasaru muka yi, muna haɗa azahar da la'asar a wurin abincin rana. Ki sani a Yuli rana ba ta faɗuwa a arewacin Faransa sai wajen ƙarfe 10 na dare, asuba kuma ta yi sammako, barcin kaɗan ne. Ki riƙe dabino da gyaɗa a aljihu, don a ƙauyukan ba ko'ina za ki sami naman halal ba.

Ɗan Damagaram: Ni ne tafintan ayarinmu saboda Faransanci. Gargaɗi ɗaya: a Ingila hagu ake bi, a Faransa dama. Da safe in an fito daga masauki, ko a shataletale, hannu yakan koma inda ya saba. A gabana wani ya shiga hannun da ba nasa ba, Allah ne Ya tsare. Ki kuma koyi canza tiyub da kanki. Ranar da aka yi mana ruwa tsakanin Calais da Abbeville, taya bakwai suka yi faci, makaniki kuwa ɗaya ne.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Calais. Muna fitowa daga tashar jirgi, ga dogayen shingaye na ƙarfe da waya mai ƙaya a bakin hanya. Washegari da sassafe muka wuce wasu samari 'yan Sudan zaune a gefen titi, lulluɓe da barguna. Na yi musu sallama, suka amsa baki ɗaya. Ɗaya ya tambaye ni daga ina, na ce daga Landan, jiya muka tsallako. Ya kalli keken, ya kalle ni, ya ce Allah Ya kiyaye hanya. Ruwan da na haye ina shan shayi, shi ne wanda suke jefa rayuwarsu a kansa cikin kwalekwalen roba. Na ba su abin da ke aljihuna na abinci, na yi awa guda ban iya yi wa kowa magana ba.

Baban 'Yan Biyu: Haka ne Malam, ni ma na gan su. Ƙanwata, ranar ƙarshe ita ce mafi gajarta, ba ta kai kilomita 100 ba daga Beauvais. Ana taruwa a bakin gari a shiga tare. Shataletalen Arc de Triomphe tituna 12 ne ke zubowa cikinsa, kuma daɓen duwatsu ne, sai kin riƙe kan keken da kyau. Mu dattijon nan da ya kusa rasa jirgi a Dover muka sa a gaba, shi ya ja mu har gindin hasumiyar Eiffel. Ya ciro hoton 'yarsa daga aljihun riga, gumi ya jiƙa shi, ya ɗaga mana. A ranar muka san dalilin zuwansa.

Bakatsiniya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yaya, na aika musu tambayar ƙa'idar na baya. Bizar ma gobe zan fara nema. Maman Hanifa, ranar Asabar zan gwada kilomita 60, Lahadi in sake hawa ko da jikin ya yi tsami, don in san yadda safiya ta biyu take. Akwai hoton ƙanena na ranar da ya gama sakandare, shi zan sa a leda in tafi da shi.