Kyanwar Lami da tausar cinya

Uwar Biyu: Assalamu alaikum jama'a. Ina da kyanwa, shekararta 2. Da na zauna kan tabarma bayan isha'i sai ta haye cinyata ta hau danna ni da dagin gaba, dama, hagu, dama, hagu, kamar mai kwaɓin fanke, ido a lumshe, har yawu na dalala. Faratan suna fitowa suna komawa, zanena duk ya tsattsage. Surukata ta ce, "Kyanwar Lami ke nan, ba kya cizo ba kya yakushi." Maigida ya ce a'a, "mage mai kwanciyar ɗaukar rai" ce. Wanne ya dace?

Ɗan Gobir: Wa alaikumus salam Hajiya. Da neman afuwar Inna, an sa maganar ba a muhallinta ba. Kyanwar Lami ba yabo ba ne. Wanda ake faɗa wa ita shi ne mai suna babu aiki: kwamitin binciken da ya ƙare a shan shayi, ko maigidan da yara ke hawa kansa. Mussarki kuwa, yadda muke kiranta a nan, ai tana yakushi, zanenki ne shaida.

'Yar Zazzau: Malam, wannan fassarar 'yan jarida ce. A bakin kakata, kyanwar Lami yarinya ce mai sanyin hali wadda ba ta da abokin faɗa. Lallashi ne, ba gori ba. 'Yan siyasa ne suka ara suka yafa.

Ɗan Gobir: Ko a bakin kakar taki, Yaya, ki saurara da kyau. Akwai tausayi a ciki, irin na "wannan za a cuce ta a gidan miji."

Mai Duba Dabbobi: Ku bari in sa baki kan kyanwar kanta, don maganar maigida ce ta fi nisa da gaskiya. Kwanciyar ɗaukar rai ta farauta ce: ta lafe a ƙasa, kunnuwa gaba, ido buɗe, ba motsi sai ƙarshen wutsiya. Wannan da Hajiya ta kwatanta kishiyarta ce. 'Ya'yan kyanwa ana haifarsu ido a rufe, sai bayan kwana 7 zuwa 10 suke buɗewa, amma tun ranar farko suna danna cikin uwar da dagi yayin shan nono, dannawar ce ke sa nonon ya sauko. Wajen mako 8 ake yaye su, sai dai da yawa ba sa barin al'adar. In sun sami wuri mai laushi da ɗumi kuma hankalinsu ya kwanta, sai ta dawo. Yawun ma daga nan yake, baki na tsammanin nono. Sannan a tafin dagin akwai wani ƙamshi da hancinmu ba ya ji, tana shafa miki shi ne, alamar ke tata ce. Faratan kuwa ba da gangan ba ne, buɗe yatsun da take yi ne ke turo su.

Baba Na Ƙofa: To ai likita ya gama shari'ar bai sani ba. Hausawa na da maganar da ta dace tsaf: "a nono ta sha." Mun saba faɗinta kan halin da mutum ya gada, rowa ko kyauta ko iya waƙa, a matsayin misali kawai. Yau ga wadda ta sha nata a nonon gaske.

'Yar Zazzau: Allah ya ƙara girma Baba, amma "a nono ya sha" ana nufin halin uwar ne ya bi ɗan. Uwar kyanwa ba ta koya musu tausa ba, da abinsu suka zo.

Baba Na Ƙofa: 'Yata, ita uwar a ina ta yi tata tausar? Ba a cikin tata uwar ba?

Ɗan Gobir: Ni abin da ya tsaya min, ashe ko cikin so kyanwa sai ta fito da farce. Ke nan ta Lami ba rashin farce gare ta ba, ba ta taɓa sakewa da kowa ba ne har ta manta da kanta. Wannan ya ƙara min tausayinta.

Mai Duba Dabbobi: Wannan kuma falsafarka ce, Malam. Hajiya, kar dai a buge ta, ba ta san ta yi laifi ba, sai ta daina zuwa wurinki. Ki ninka tsohon bargo ki ɗora a cinya. In za a rage farcen, tsinin kawai, kar a kai wurin da ya yi ja, jijiya da jini ne a nan.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai. Bargo akwai. Na karanta wa Inna duka, ta ce ita dai kyanwar Lami ta ce kuma ba ta janye ba, wai likitan ya zo ya same ta.