Neman shawara: ƙaramin shagon fiza da abin sha a Birnin Kebbi

Ɗan Gwadangaji:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ana shirin buɗe ɗan wurin zama a unguwa, fiza da abin sha mai sanyi, inda matasa za su zauna kallon ƙwallo da dare. A Turai da Amurka irin wannan wuri da giya yake tafiya, mu nan ba wannan maganar. Masu sani, yaya ake auna kwaɓin? Wane irin obin ya dace, kuma wane abin sha ya fi shiga da ita?

Mai Burodi:
Wa alaikumus salam. Fara da sayen sikeli, ɗan'uwa, awon mudu da gwangwani ba ya yin fiza. Fulawar burodi kilo 1, ruwa mililita 600, gishiri giram 20, yis giram 3, man gyaɗa cokali 2. Ka murza minti 10 har ya daina kama hannu. Zai ba ka curi 6 na giram 250 da ɗan saura, kowane curi fiza ɗaya mai faɗin santimita 30.

Inda aikin yake shi ne zafin garinmu. Daga Maris zuwa Mayu ana wuce digiri 40, kwaɓi kan tashi kafin awa ɗaya, ya wuce ƙa'ida ya yi tsami, in ka zo shimfiɗa shi sai ya yi ta yagewa a tsakiya. Ka kwaɓa da ruwan firij, ka rage yis zuwa giram 2, ka cura ka sa a firij ya kwana. Ka fito da shi awa ɗaya kafin gashi, don mai sanyi ba ya miƙuwa, ja da baya yake yi kamar roba. Lokacin hunturu kuwa iska ce ke busar da bayansa ya yi ɓawo, sai a shafa mai a rufe da leda. Kada ka murje shi da kwalba ko muciya, iskar cikinsa kake kashewa. Da yatsu ake dannawa daga tsakiya, a bar bakin da tudu.

Injiniya Jega:
Obin ɗin gida iyakarsa wajen digiri 250, shi ya sa fizar ke fitowa fara kuma busasshiya. Nemi na gas mai kai 300 ko fiye, ka sa farantin ƙarfe mai kauri a ƙasansa, ya yi zafi minti 45 kafin ta farko ta shiga. Minti 5 zuwa 7 ta gasu. In sama ta ƙone ƙasa ɗanye, farantin ne bai yi zafi ba.

Kuɗinka kuma a cuku yake. Mozzarella, wato cukun Turawa mai narkewa da ake sa wa fiza, giram 100 zuwa 120 ya isa kowace ɗaya. Cukun Fulani da ake haɗawa da tumfafiya yana da daɗi, amma ba ya narkewa balle ya yi wannan jan da samari ke ɗauka a waya. Ka raba mozzarella kashi-kashi a firiza, kullum ka fito da na yini. Wanda ya narke aka mayar, ruwa yake saki a kan fiza. Janareta dole ne.

Hajiya Mai Zoɓo:
Ɗana, gara da ka cire giya a lissafi, tun 2000 Kebbi ke kan Shari'a, ga Hisba. Zoɓo mai citta da kanumfari ya fi komai yanke maiƙon cuku, kuma ribarsa ta fi ta lemon kwalba. Kunun aya in ba a cikin ƙanƙara yake ba, kafin la'asar ya juya, ka yi kaɗan-kaɗan. Ka ajiye Maltina saboda masu nema.

Tumatirinmu ruwa gare shi. Ka dafa shi har ya ƙafe, ludayi ƙarami ɗaya ya isa, in ka cika tsakiyar fizar ta yi caɓa-caɓa. Nama ko kaza a dafa tukuna, minti 6 ba ya nuna ɗanyen nama. Albasar Aliero ga ta nan a araha, a yanka siriri. Tattasai ma haka.

Ɗan Gwadangaji:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. To yajin tsire fa, kafin gashi ko bayan?

Hajiya Mai Zoɓo:
Bayan ta fito. Ƙuli-ƙulin da ke cikinsa ƙonewa yake a obin ya yi ɗaci.