Kamfani zai ɗauki nauyin bincikenmu, amma da sharaɗin sai da izininsu za mu wallafa

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a sashen harhaɗa magunguna na wata jami'a. Shekara uku ke nan muna aiki kan wani ganye da masu maganin gargajiya ke bai wa masu sikila. In an ɗauke wuta, karo-karo muke yi mu sayi man janareta don kada samfuran da ke firiji su lalace. Yanzu wani kamfanin magunguna ya ce zai biya komai. Sai dai yarjejeniyar ta ce ba za mu wallafa ko layi ɗaya ba sai sun yarda, za a kai samfuran jini waje, kuma duk abin da aka gano nasu ne. Ina da ɗaliba mai digiri na uku da ba za ta kammala ba sai ta wallafa. Mako biyu suka ba ni. In sa hannu?

Wata farfesa: Wa alaikumus salam. Dakta, sharaɗin farkon nan ne ya tayar mini da hankali. A 1996 a Toronto, Dakta Nancy Olivieri tana gwajin maganin deferiprone da kuɗin kamfanin Apotex, sai ta ga alamun ba ya aiki yadda ake so a jikin wasu marasa lafiya. Da ta ce za ta sanar da su, kamfanin ya tsayar da gwajin, ya yi mata barazanar kotu da takardar sirrin da ta sa wa hannu. Ta sanar da su ɗin, amma ta sha wuya shekaru. Yanzu ka ɗauka ganyen nan ya nuna yana taɓa hanta. Iyayen yaran suna gabanka, bakinka a ɗaure. Me za ka ce musu? Abin da aka saba shi ne a ba kamfani kwana 60 ko 90 ya duba rubutun, ya yi rajistar haƙƙin mallaka, sannan ku wallafa, ko sakamakon ya yi musu daɗi ko bai yi ba.

Wani lauya: Malam, ai ba kai ke da hurumin sa hannu ba, jami'a ce. Kai takardar wurin lauyan jami'a da ofishin haƙƙin mallakar fasaha, irin waɗanda NOTAP, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da samo fasaha da bunƙasa ta, ta taimaka aka buɗe a jami'o'i. Kuɗin kuma asusun jami'a za su shiga, ba naka ba.

Likita daga Kano: Yallaɓai, maganar jini ba wasa ba ce a wurinmu. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ya shafi yara kusan 200, 11 suka rasu, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha. Har yau mutane ba su manta ba. Kada a ɗebi jinin kowa sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, kada samfur ya fita sai da rubutacciyar yarjejeniyar fitar da shi. A fassara takardar neman yarda da Hausa, a karanta wa iyaye.

Wani mai bincike: Ni dai kada a tsorata Dakta har ya kori mutanen nan. Ba tare da kamfani ba, binciken a kabad zai tsufa. Amma ku tuna Niprisan, maganin sikila na NIPRD, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja: an ba kamfanin Xechem lasisi shi kaɗai a 2002, kamfanin ya durƙushe a 2008, maganin ya yi wuyar samu. A rubuta cewa in sun kasa samarwa, lasisin ya dawo hannun jami'a. Masu maganin da suka nuna muku ganyen fa, ina rabonsu a takardar?

Mai tambaya: Wallahi ko sunansu babu. Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe zan kai wa lauyan jami'a, in kuma rubuta wa kamfanin cewa mako biyu ya yi kaɗan.